Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Ma'aikacin Jinya, Kunyarsa da Sirrin Dattawa

Laccar da aka gabatar a garin Rano, a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan jinya da unguwarzoma na ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, albarkacin Ranar Tsofaffi ta Duniya

 

   

Tun a 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 1 ga Oktoba don tunawa da tsofaffi. A irin wannan rana an saba yin magana kan hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa da yanar ido. Ni kuwa an ɗora mini abin da kowa ke kauce wa: yadda mu ma'aikatan jinya muke kallon sha'anin jikinmu da shimfiɗar aurenmu, da yadda wannan kallo ke shafar shawarar da muke ba dattawa, ko kuma shawarar da muke ƙin ba su. Ina neman afuwar iyayena da ke wurin nan. Zan yi magana da ladabi, amma zan yi ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗakin duba marasa lafiya kuwa kullum ranar wanka ce.

Bari in fara da laifina, kafin in taɓo na kowa.

Ina da 'yan shekaru kaɗan a aiki, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, akwai wani dattijo manomi mai hawan jini da ke zuwa duk wata. Kullum tsaf da shi, farar riga, hula, katinsa a naɗe cikin leda don kada ruwa ya taɓa. Da farko jininsa ya sauka, daga baya ya soma hawa. Na yi ta yi masa faɗan gishiri da maggi. Wata rana, ina kwance masa abin awo daga hannu, ya ce, "'Yata, wannan maganin naku yana kashe mini jiki." Na ce to Baba, za a haɗa maka da na ƙarin jini. Ya yi shiru. Ya dubi ƙasa, ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Ba irin wannan mutuwar jikin ba." Wallahi na gane. Kunnuwana suka yi zafi, na ji kamar mahaifina ne zaune a gabana. Sai na miƙa masa katinsa, na ɗaga murya na ce, "Na gaba ya shigo."

Bayan 'yan watanni aka kawo shi a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Matarsa ƙarama ce ta gaya mini a gefe cewa ya daɗe da daina shan maganin. Da na saurare shi minti biyu, da na gaya wa likita, da an sauya masa ƙwaya. Shekara talatin ke nan ina ganin hular nan tana juyawa a hannunsa. A kan wannan minti biyun zan yi maganata yau, cikin gaɓa biyar.

Na farko: Furfura ba ta rufe turaka

Wa ya gaya mana cewa da mutum ya ga jikoki sai ya naɗe tabarmar aure? Babu littafin da ya koya mana haka. Mu muka ɗora wa kanmu, domin ba ma son tunanin iyayenmu ta wannan fuska.

A 2007 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da Dakta Stacy Lindau da abokan aikinta suka yi a Amurka, kan mutum 3,005 masu shekara 57 zuwa 85. A cikin 'yan shekara 57 zuwa 64, kashi 73 cikin 100 suna saduwa da iyali. A 'yan 65 zuwa 74, kashi 53. A 'yan 75 zuwa 85, kashi 26. Kusan rabin masu saduwar sun ce suna fama da wata matsala da ke damunsu. Amma tun da suka haura shekara 50, kashi 38 kacal na maza da kashi 22 na mata ne suka taɓa tattauna zancen da likita. Wannan fa a ƙasar da muke cewa ba su da kunya. To ina ga mu?

Mu dawo gida. A cikinku wa bai san dattijon da ya ƙara aure bayan ya haura sittin ba? Wa bai halarci ɗaurin auren bazawara mai jikoki ba? A ƙasar Hausa mace ta rasa miji ta gama takaba ta sake aure ba abin mamaki ba ne, kuma gidan da ke da mata biyu ko uku yana da rabon kwana, ana ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga ranar girki. Idan maigida ya gaza, ba shi kaɗai ya san ya gaza ba. Gwamnatin Kano ta soma aurar da zawarawa ta hannun Hisba tun 2012, a Oktoban 2023 kuma aka ɗaura aure 1,800 lokaci guda. A watan Mayun 2024 aka sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da nau'in jini na sikila. Ke nan ango mai furfura da amarya mai jikoki za su iya tsayawa a gabanku da takardar gwaji a hannu. Da wace fuska za ku tarbe su?

Abin da tsufa ke yi shi ne sauya jiki. Mace kan daina al'ada galibi tsakanin shekara 45 da 55. Sinadarin da ke riƙe da laushi da danshin gabanta ya ragu, fatar wurin ta yi siriri, saduwa ta koma zafi, wani lokaci har da ƙaiƙayi da yawan fitsari. Namiji kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya shirya, ƙarfin ya ragu, hutun da yake buƙata tsakani ya tsawaita. Duk wannan sauyi ne, kuma mafi yawansa yana da dabara ko magani. Buƙatar a kusance ka, a taɓa ka, a nuna har yanzu ana son ka, ba ta tsufa.

Na biyu: Shirun nan daga wajenmu yake

Mukan ce, "Ai tsofaffi ba sa son irin wannan magana." Dattijon da na ba ku labari ya so. Har sau biyu ya buɗe ƙofa. Ni na rufe.

A wani bincike da aka buga a 2010 an tambayi ma'aikatan jinya a wani asibiti a ƙasar Suwidin. Fiye da kashi 90 cikin 100 sun ce sun san yadda cuta da magani ke taɓa sha'anin saduwa. Amma kashi 80 sun amsa cewa ba sa ware lokacin tattauna shi da marasa lafiya. Ilimin yana nan, bakin ne ya yi nauyi. Me ya sa?

Ina so kowa a nan ya tambayi kansa a zuci, ba sai ya ɗaga hannu ba. Wa ya fara yi maka bayanin jikinka? 'Yan'uwana mata, ranar da kika fara ganin al'ada, me aka ce miki? Da yawa daga cikinmu abin da muka samu shi ne ƙyalle da gargaɗi: kin girma, kada ki bari namiji ya taɓa ki. Daren da aka kai ki ɗaki, gwaggo ta zaunar da ke ta ce yi na yi, bari na bari, ki yi haƙuri. Sauran sai ƙawaye suka cike da raɗa da dariya. Ku kuma maza, a majalisa kuka koya, inda kowa jarumi ne, babu wanda ya taɓa gazawa. Muka ɗauki wannan kaya muka shiga makarantar jinya, ko ta Kano ko ta Madobi, aka koya mana sunan kowace gaɓa da Turanci, muka zana ta a jarrabawa muka ci. Amma babu wanda ya sa muka furta ta da Hausa a gaban mutum mai rai. Muka fito da farar riga a kan tsohuwar kunya.

A shekarun da na yi ina lura da mu, na ga wannan kaya yana fitowa ta fuska uku.

Akwai mai ɗaure fuska. Da an doshi zancen sai ta sunkuya kan kati ta hau rubutu. Sau da yawa budurwa ce da ke tsoron kada a ce, "A ina ta san wannan?" Ko saurayi da ke ganin bai kai ya buɗe baki gaban sa'an mahaifinsa ba.

Akwai mai dariya. "Kai Baba, har yanzu?" Ta faɗa da wasa, ta fita ta ba ɗakin hutu labari. Baban ya yi yaƙe, bai ƙara dawowa ba. Dariyar nan kunya ce da ta sauya zane.

Akwai kuma mai wa'azi. "Hajiya, yanzu ai lokacin carbi ne." Wa ya ce carbi da haƙƙin aure ba sa zama gida ɗaya? A nan zan taɓa inda ke ciwo. Idan mijinki ya yi miki kishiya 'yar shekara ashirin a watan jiya, yau kuma ga wani dattijo yana kukan ba ya iya sauke haƙƙin amaryarsa, da wa kike magana? Da shi, ko da mijinki? Idan kai namiji kana ɓoye irin wannan rauni a gidanka, za ka iya sauraron wani yana kwatanta shi dalla-dalla ba ka sauya zance ba? Idan a shimfiɗarki ba ki taɓa sanin komai ba sai haƙuri, me za ki ce wa tsohuwar da ta ce tana jin zafi, in ban da "ki yi haƙuri"?

Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Kada ku damu, ni ma na bi ta fuskokin nan uku. Kuma ga shi yau na kai shekarun da al'ada ta yi mini sallama. Na san zufar tsakar dare, na san saurin fushi, na san sauran da ba sai na lissafa ba. Ni da na koyar da wannan darasi, sai da na yi wata da watanni kafin na iya gaya wa abokiyar aikina. To ina ga matar da ta taho daga ƙauye a bayan babur, ba ta san kowa ba?

Ba na cewa ku yar da kunya. Kunya ado ce, kuma addini ya yabe ta. Cewa nake ku san inda taku take kwance, domin labarin zuciya a tambayi fuska, dattijo kuwa ya fi ku iya karanta fuska.

Na uku: Abin da shirun ke jawowa

Idan muka yi shiru, akwai wanda ba ya yi. Ku je kasuwa ranar da take ci. Ga mota da lasifika a kanta, mai magani yana ambaton kowace gaɓa da sunanta, yana rantsuwa, dattawa sun kewaye shi suna miƙa kuɗi. Mu da muka yi karatun mun kame baki, shi da bai yi ba ya cika kasuwa. Ga abin da ke biyo baya.

Mai hawan jini ya daina shan magani. Wasu magungunan, kamar masu sa fitsari irin su bendrofluazide da Moduretic, da irin su atenolol da propranolol da Aldomet, sukan rage ƙarfin namiji. Akwai waɗanda ba su cika yin haka ba, kuma likita zai iya sauyawa. Amma sai ya sani.

Muna kuma rasa gargaɗi mai tsada. Jijiyoyin jinin da ke kai wa gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka sukan riga toshewa. Raunin mazakuta sau da yawa yakan zo 'yan shekaru kafin ciwon zuciya, kuma yakan zama alamar farko ta ciwon suga da ba a gano ba. Mutumin da ya ce miki "gabana ya yi sanyi" ya kawo miki dalilin auna masa jini da suga a ranar.

Sai kemis. Tun da aka amince da Viagra, maganin ƙarfin maza, a Amurka a 1998, sinadarinta, sildenafil, ya cika duniya da sunaye iri-iri, kuma akan same shi a ɓoye cikin wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya ko shayin maza. Idan mai ciwon zuciya da ke shan isosorbide, ko mai sa ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe, ya haɗa da shi, jini na iya faɗuwa warwas har a rasa rai. Sai a ce ya kwanta lafiya lau, aka wayi gari babu shi.

A ɓangaren mata abin ya fi ɓoyuwa. Wata baiwar Allah da ta haura sittin ta zo da ciwon mara da kasala. Surukarta ce ta rako ta, tana tsaye a kanta. Duk tambayar da na yi, amsa ɗaya: "Sanyi ne." Sai na aiki surukar ta sayo mini ruwan leda. Na matso da kujera na ce, "Inna, salla fa? Kina samun yi ba matsala?" Ta ce, "Ina fa, 'yata. Al'ada ce ta dawo mini, wata biyar ke nan sai in yi kwana biyu ina salla, in ajiye." Shekara goma sha biyu da ɗaukewar al'adarta. Ku riƙe wannan: duk jinin da mace ta gani bayan ta cika shekara guda cur ba al'ada, sai an bincika. Yana iya zama siririn fata kawai, yana iya zama sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa. Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, kuma madalla. Amma kakanninsu ba su samu ba. Su tambayarmu ce rigakafinsu.

Akwai mai zazzagowar mahaifa bayan haihuwa goma, tana tura ta da ƙyalle shekara da shekaru. Akwai mai ɗigar fitsari da ta ƙaurace wa miji da biki da makarantar Islamiyya don tsoron wari. Akwai wadda bushewa ta sa take gudun ranar girkinta, miji ya ce raini ne, ita ta ce kishiya ta yi mata sammu, aka kwashi kuɗi aka kai wa boka, aka sayo kayan mata ana cusawa, wurin ya ƙara ƙonewa. Aure na shekara arba'in ya girgiza a kan abin da man shafawa mai tushen ruwa da kyakkyawan bayani za su sauƙaƙa. Sannan mu tambayi kanmu: yaushe rabon da mu yi wa mai shekara 65 tayin gwajin ƙanjamau ko ciwon hanta? Ƙwayar cuta ba ta duba furfura.

Na huɗu: Ta wace ƙofa za a shiga?

Yanzu wani zai ce, Hajiya, mun ji, amma da wane baki? Amsata ita ce iyayen nan namu sun riga mu mallakar kalmomin. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya ji bayanin janaba da haila da jinin biƙi da abin da ke warware alwala, tun yana yaro, da Hausa, ba a yi dariya ba. Hadisi ya tabbata cewa Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin macen da ta yi mafarki, kuma Nana A'isha ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Ashe muna da harshe mai tsabta na wannan magana. Mu ne muka bar shi a zaure muka shiga asibiti babu shi.

Saboda haka ku shiga ta ƙofar tsarki. "Baba, alwala tana riƙuwa, ko fitsari na ɗiga?" "Sau nawa kake tashi da dare?" Daga nan kun kama hanyar ƙululun nan na ƙarƙashin mafitsara da ke kumbura wa maza idan sun manyanta. "Inna, akwai abin da ke hana ki salla?" Ga 'yan'uwanmu Kirista, da duk wanda wannan ƙofa ba tasa ba ce, ku shiga ta barci da fitsarin dare da zaman gida. Idan an amsa wannan, mataki na gaba ya yi sauƙi.

Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Jack Annon, ya tsara matakai huɗu na tattauna irin wannan zance a 1976, ana kiransu PLISSIT. Na farko, ba da izini. Na biyu, taƙaitaccen bayani. Na uku, takamaimiyar shawara. Na huɗu, turawa ga ƙwararre. Yawancin mutane a mataki na ɗaya da na biyu buƙatarsu ke biya, kuma waɗannan ba sa cin kuɗi.

Ga yadda izini yake a bakinmu: "Baba, da yawa daga masu shan wannan magani sukan ce yana taɓa musu harkar iyali. In ka ga haka kada ka daina sha, ka zo ka gaya mana, akwai wani." Kun lura? Ban tambaye shi komai ba. Ban sa ya yi iƙirari ba. Na gaya masa ba shi kaɗai ba ne, na bar ƙofa a buɗe. Ko bai ce uffan ba yau, ya ji. Ga mace: "Hajiya, mata da yawa idan al'ada ta ɗauke sukan ji bushewa ko zafi wajen kwanciya. Jiki ne, ba laifin kowa ba ne, kuma akwai abin yi."

Sai ku kula da abu huɗu. Ɗaya, ɗan rakiya. Babu uwar da za ta yi wannan magana gaban ɗan farinta, wanda ko sunansa ba ta faɗa, balle gaban suruka. Ku nemi dabara ku fitar da su cikin mutunci. Biyu, murya. Dattijo ba ya ji sosai, sai mu ɗaga murya, duk layi su ji. Ku matso kusa, ku gano kunnen da ya fi ji, ku bari ya ga leɓenku. Uku, jinsi. Inda hali ya yi, a tambayi mutum ko ya fi son namiji ko mace. Inda kuwa ke kaɗai ce a asibitin, kamar yadda yake a ƙauyuka da yawa, farar rigarki ta ishe ki izini. Huɗu, matsayi. Al'adarmu ta sa kunya tsakanin 'ya da uba, amma ta halatta wasa tsakanin jika da kaka. Kaka na kiran jikarsa amaryata, jika na kiran kakarsa matata. Ku matasa, in kun ji matsayin 'ya ya ɗaure muku harshe, ku tsaya a matsayin jika. Sai dai wasan na buɗe ƙofa ne kawai. Da an shiga zancen, a ajiye shi.

Na biyar: Iyaka da amana

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce a tsare kowane tsoho da tambaya. Akwai wanda ya rufe wannan babi da kansa, hankalinsa kwance. Akwai ma'auratan da hira da tausa da kwana kusa da juna suka wadatar da su. Idan mutum ya ce babu damuwa, a karɓa, a wuce.

Kada mu rubuta maganin da ba huruminmu ba. Maganin ƙarfin maza da man sinadarin mata na likita ne, bayan ya duba zuciya da sauran magunguna. Jini bayan ɗaukewar al'ada, ƙari, fitsari da jini, fitsarin da ya ƙi fita, zazzagowar mahaifa, duk na turawa ne: Babban Asibitin Rano, daga nan in ta kama zuwa asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai yoyon fitsari, ko shekararta nawa da shi, a sanar da ita akwai cibiyar Laure a cikin asibitin Murtala. Kada kuma farar riga ta zama rumfar tallar kayan mata. Wadda ta amince da ke don iliminki, kada ki mayar da ita kwastoma.

Idan maigida ya zo neman ƙarfi, a tuna akwai mace a ɗaya gefen. Wataƙila ita zafi take ji. A tambaye shi lafiyarta, a ba shi shawarar sassauci da ba da lokaci, in sun yarda a gan su tare.

Sai amana. Rano da Kibiya ba Legas ba ne. Wanda ka duba da safe, da shi za ka haɗa sahu da Magariba, 'yarsa ce ƙawar matarka. Kalma ɗaya ta fita, ba shi kaɗai ka kora ba, ka kori duk sa'anninsa. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ga shugabanninmu ina da roƙo uku, kuma babu mai tsada a ciki. A sa labule ko ƙofa a inda ake ganin dattawa, a matsar da benci daga bakin taga. A ƙara layi ɗaya a katin masu hawan jini da suga, wanda zai tuna mana mu yi wannan tambaya. Sannan a taronmu na wata-wata a ware rabin sa'a, mata daban, maza daban, ɗaya ya zama Baba, ɗaya ya zama nas, a furta kalmomin da Hausa har harshe ya saba. Za ku yi dariya a karon farko. Gara ku ƙare dariyar a tsakaninku.

Kammalawa

'Yan'uwa, da tsohuwar zuma ake magani, muna faɗa kullum. Mutanen nan su suka yi mana wankan jego, suka san tsiraicinmu tun ba mu san kanmu ba, ba su taɓa yi mana dariya ba. Yau su ne a kan benci da kati a leda. Gobe mu ne.

A mako mai zuwa wani zai zauna a gabanku ya ce magani na kashe masa jiki, ko wata ta ce sanyi ne, sannan su yi shiru su dubi ƙasa. Kunnuwanku za su yi zafi, na sani. Ku ajiye biro. Na gaba zai iya jira minti biyu.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Wanda kuma kunya ta riƙe, ga takardu nan ana zagayawa da su, ya rubuta ba sai ya sa suna ba, ko da tambayar ta wani majinyaci ce, ko da tasa ce. Zan amsa duka ba tare da na tambayi ta wace ce ba.